Bijiman Yaya da Injin Datsa Kara

Shekarun baya, can lokacin da muke ajin ƙarshe a jami'a muna karatun injiniya, aka raba mu uku-uku domin aikin kammalawa, wanda muke kira furojet. Malamin da ke duba aikinmu mutum ne mai son sauƙaƙa wa kansa. Sai ya haɗa 'yan yanki ɗaya wuri ɗaya, ya ce idan an tafi dogon hutu mu ci gaba da aiki a gida, kada wani ya dawo masa da uzurin nisa. Haka na tsinci kaina, ni ɗan Tambuwal, tare da abokina ɗan Jabo, da wani bawan Allah mutumin Fakku wanda duk ajinmu ke kira Yaya.

Yaya ya girme mu nesa ba kusa ba. Ya daɗe yana aiki a Kebbe da ƙaramar takardar shaida, yaran da ya koya wa riƙon sifana suna zuwa suna wuce shi, har ya gaji ya nemi hutun karatu. Hutun nan kuwa an yanka masa shi cif-cif, aka kuma gaya masa ba ƙari. Idan furojet ɗinmu ya faɗi, ni da abokina shekara za mu maimaita, mu sha tsiya a gida, magana ta wuce. Shi kuwa bakin aiki zai koma hannu rabbana, ga mata ga 'ya'ya, bayan duk shekarun da ya yi yana zaman benci ɗaya da sa'o'in ƙannensa. Kowa ya san da wannan, shi ya sa muke lallaɓa shi, ko musu ba ma yi da shi.

Na ce kowa, amma ban da abokina. Shi ɗan gidan maƙera ne, Yaya kuma Bafulatani, kun dai san wasan da ke tsakanin waɗannan biyun tun kaka da kakanni. Ban taɓa jin abokina ya gaishe shi gaisuwar arziki ba. Da ya hango shi daga nesa zai ɗaga murya, "Bahillace, an baro shanu da wa?" Yaya ya ce, "Ɗan gawayi, tahi ka wanke hannu kahin ka taɓa man littahi." Kullum haka, ko a gaban malamai ne, ba wanda ke jin haushin wani.

Abin da aka ce mu ƙera shi ne injin datsa karan dawa. Duk wanda ya yi kiwo a wajenmu ya san wahalar rani. Ciyawa ta ƙare, harawa ta yi wuyar samu, a watsa wa shanu kara su tsince ganyen su bar maka sandar. Idan kuwa aka datsa shi ƙanana aka yayyafa ruwan kanwa ko aka barbaɗa dusa, tas suke cinyewa. Matsalar dai datsa shi da adda aiki ne mai cin kafaɗa, wani lokacin har da yatsa. Malam ya ce kowannenmu ya zo da tasa dabarar, mu baje su, mu auna, mu zaɓi ɗaya mu ƙera.

Tawa dabarar ita ta fara mutuwa, don haka bari in sallame ta da wuri. Ni a ganina tunda ba gidan da ba babur a yankinmu, me zai hana a ɗage ƙafar baya, a ɗaura fambel, babur ya juya wuƙar? Na yi kwanaki ina jin kaina wani ne. Na ari babur ɗin yayana na gida ba tare da na yi masa cikakken bayani ba, na kafa shi a tsakar gida, na murɗa. Abin da na manta shi ne injin babur da iskar tafiya yake hucewa. Ba a jima ba wari ya cika gida, mahaifiyata ta fito daga ɗaki tana tambayar wa ya bar tukunya a wuta. Yayana ya zare makullinsa ya yi gaba. Har yau idan na nemi aron babur sai ya tambaye ni, tafiya za a yi ko bincike.

Saura biyu ke nan. Ta abokina ba ta da wani kyan gani. Feda ce da kacar keke, da wani gargaren ƙarfe mai nauyi wanda in ya ɗauki gudu shi ke taimakon ƙafa, sai wuƙaƙe biyu da za a ƙera daga sifirin mota a maƙerar gidansu. A bayan tsohuwar takardar jarabawa ma ya zana ta, har da maiƙon ƙosai a gefe.

Ta Yaya kuwa, ranar da ya warware zanen sai da muka jinjina kai. Doguwar sanda ce da za a ɗaura wa bijimai biyu su riƙa zagaye, a tsakiya kuma akwai ƙarafa masu haƙora da za su karɓi wannan tafiyar ta sannu-sannu su mayar da ita gudu har zuwa ga wuƙa. Layi-layi tsaf, ka san ba jiya aka fara tunaninsa ba. Ya ce tun yana yaro yake ganin bijiman huɗar mahaifinsa ɗaure a turke duk tsawon rani, ba aikin fari ba na baƙi sai ci, tsohon kuma yana duƙe da adda yana datsa musu kara har kafaɗarsa ta lalace. Tun a lokacin yake cewa wata rana sai shanu sun yanka abincinsu da kansu. Da ya ambaci mahaifin nasa, wanda ya riga mu gidan gaskiya, sai na ji muryarsa ta sauka.

A zauren gidanmu muka yi zaman zaɓen, bayan azahar, mahaifiyata ta aiko mana da fura. Malam ya riga ya gaya mana abubuwan da za mu duba: sauƙin ƙerawa, samun kayan aiki a kusa, lokacin da ya rage mana, da kuma kada abin ya raunata mai amfani da shi. Kowa zai ba kowace dabara maki da bakinsa. Mu kuma 'ya'yan tarbiyya, sai muka ce babba ya fara.

Yaya ya gyara zama ya ce, "Tau, nawa dai ina ganin da wuya mu gama shi. Ƙarahunan ga masu haƙora ba a samunsu nan kusa, kuma aikin na da yawa." Ya ba nasa maki kaɗan, ya ba na abokina mai yawa.

Ni kuwa a raina na ce, ji alkunya irin ta Fulani. Mutumin da ko sunan ɗansa na fari ba ya iya faɗa, ina zai iya yabon zanen hannunsa? Da aka zo kaina na ɗaga na Yaya sama, har na ƙara masa da wanda ya rage wa kansa. A gaskiya ƙarafan nan masu haƙora sun ɗan tsaya min a rai, amma na dubi furfurar da ta fara fito masa, na tuna maganar mahaifinsa, na haɗiye.

Abokina ya ajiye ludayi ya ce, "Bahillace, wanga abu ba shi yi. Kai dai so kaka yi ka kai shanu jami'a su ma a ba su digiri. Wa za ya hau da bijimi bene ranar da za mu tsaya gaban malamai?" Muka kwashe da dariya, har Yaya yana share hawaye. Da aka ce to faɗi makinka, sai ya dube ni, ya dubi Yaya, ya sosa ƙeya. Dabarar da ke takara da ta Yaya tasa ce, in ya fifita ta sai a ce son kai. Ya ce, "A ba Bahillace, kada shi kai ƙarata ruga." Biyu suka rinjayi ɗaya.

Yaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Kun tabbata?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Yaya." Ya ce, "Tau, ku am masu sabon kai, lissahinku ya hi nawa." Fuskarsa ta washe irin yadda ban taɓa gani ba. Ranar na yini ina jin daɗin kaina, a zatona na yi abin kirki.

Daga nan wahala ta fara. Mun zagaye 'yan gwangwan har cikin Sakkwato muna neman ƙarafa masu haƙora. In ka sami wannan, haƙorinsa bai shiga na wancan. Muka tsinto na tsohon injin niƙa, muka haɗa da na wata tarakta da ta mutu tun ba a haife ni ba. Mai waldar da muke aiki a rumfarsa a Tambuwal ya gaji da mu, da ya gan mu tafe sai ya tuna yana da ɗaurin aure. Duk wannan lokacin abokina bai fasa ba. Kullum sai ya ce, "Ba shi yi, Bahillace," mu kuma kullum sai mun yi dariya. Kafin mu haɗa abin da za a iya kira inji, hutu ya ci fiye da rabi.

Kai shi Fakku ma wani aiki ne. A-kori-kura ta kai mana shi inda hanya ta yarda, amalanke ta ƙarasa. Muka haƙa rami a fili bayan gidan su Yaya muka kafa shi. Da hantsi unguwa ta taru, maza a gaba, mata suna leƙe ta saman danga. Ƙanen Yaya ya fito da bijimai biyu farare, ƙosassu, ya ɗora musu karkiya, aka haɗa su da sandar.

Ga abin da mu uku, da duk lissafinmu, ba mu kawo a rai ba. Bijimin huɗa abu ɗaya aka koya masa tun yana maraƙi: ya miƙe sak har ƙarshen kunya, ya juyo, ya sake miƙewa. Bai san zagaye ba. Da aka ce musu su tafi, suka miƙe, sanda ta fizgo su gefe, suka tsaya suka waiwayo suna kallon mai su. Aka sake kora su, wannan karon da tsawa. Ai kuwa suka sa ƙarfi suka miƙe abinsu, suka tumɓuke injin daga rami, suka ja shi ƙiii suka nufi gona da shi. Mu uku muka bi su a guje, Yaya riƙe da hula.

Aka dawo da shi, aka sake kafawa, aka danne da duwatsu. Ƙanen Yaya ya kama igiyar hanci yana jan su a hankali suna zagayawa ba da son ransu ba. Wuƙa ta fara juyawa, amma a gajiye. Na tura kara, maimakon ta yanke shi sai ta tauna shi ta tofo. Haƙoran ƙarfen suka fara tsallake juna suna ƙara. Ina tsaye riƙe da wani karan ina tunanin abin yi, ɗaya bijimin da ya zo wucewa ya miƙo wuya ya zare shi daga hannuna ya ci abinsa.

Mutanen ƙauye akwai kawaici. "Madalla, madalla, ai somin-taɓi na." "Sannunku da ƙoƙari, Allah shi ida nuhi." Yaya yana share gumi ya ce za a gyara in Allah ya so, ni ma na ce za a gyara. Abokina ya ce, "Na gaya maka, shanunka sun hi ka hankali." Fili ya ɗauki dariya, aka watse.

A hanyar komawa abokina ke tuƙi, ina baya. Mutumin da ko a jana'iza sai an harare shi kafin ya yi shiru, ranar muka yi tafiya mai nisa bai ce komai ba. Da muka haye wani rafi da ya ƙafe, sai ya tsaya gindin wata tsamiya ya kashe babur. Ya juyo ya dube ni, ba alamar wasa a fuskarsa.

"Tsakaninka da Allah, abin ga na yi?"

Na ce, "Ba shi yi."

"Tun yaushe kas sani?"

"Tun zaure nike da shakka."

Ya buga cinya. "Ni tun zaure nika hwaɗi! Kullum ina hwaɗi kuna dariya."

Na ce ai na ɗauka wasan da suka saba ne. Ya ce, "Yo da wane baki zan gaya mai in ba na wasa ba? Ni ban da wani baki gare shi sai wanga." Sannan ya ce in muka fara tasa dabarar yanzu-yanzu, lokaci zai ishe mu da ƙyar. In kuwa muka ƙara ɓata wasu makonni muna lallashin bijimai, daga wannan har waccan ba wadda za mu gama. "Ni da kai shekara guda za mu yi hasara. Shi hwa?"

Sai a lokacin na ga abin da muke shirin jawo wa mutumin da muke ganin girmansa. Amma wa zai gaya masa? Na ce ni dai wallahi ba zan iya kallon idonsa ba. Abokina ya ce shi kuma in ya faɗa dariya za a yi, kamar kullum. Muka zauna gindin tsamiyar nan. Can ya miƙe ya kaɗe wando ya ce, "Tau, gaishe shi za ni yi." Ban gane nufinsa ba sai da muka koma.

Bayan kwana biyu muka yi sammako zuwa Fakku. Muka iske Yaya zaune kusa da injin, ya ɗora ƙarfe ɗaya a cinya yana goge haƙoransa da magagari, ɗaya bayan ɗaya. Da alama tun asuba yake wurin. Ya hango mu ya fara murmushi, yana jiran a jefo masa ta yau. Abokina ya tuɓe takalmansa tun daga nesa, ya ƙaraso, ya durƙusa har ƙasa.

"Yaya, an tashi lahiya? Ya iyali? Ya gajiya?"

Magagari ya suɓuce daga hannun Yaya. "Innalillahi! Wa ar rasu? Tsohonka na?"

"Kowa lahiya lau, Yaya."

"Tau mi af faru? Tashi mana, kana ba ni tsoro."

Bai tashi ba. A durƙushen ya yi magana. Ya ce ƙarafan ba za su taɓa zama daidai ba, tunda ba tare aka yi su ba. Ya ce ko an koya wa bijimai zagaye, gudun ba zai kai ga yankan kara ba, kuma ba yadda za a yi mu nuna shi a makaranta. Sannan ya ce, "Ba don nawa na ba, Yaya. In kana da wata dabara ta ukku, mu yi ta. Amma wanga in munka riƙe shi, ba ka gamawa bana. Ba wasa nikai ba."

Bijimai na ta tuƙa a turke. Yaya ya daɗe yana kallon ƙarfen da ke cinyarsa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Kai ma haka kag gani?"

Na gyaɗa kai, idona a ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun zaure, Yaya."

"Ai ni na gaya muku. Ni af fara magana, nic ce da wuya mu gama shi."

Na ce, "Mun ɗauka alkunya ta."

Ya yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta jin daɗi ba. "Alkunya? Da takardata za ni yi alkunya? Gaskiyata nig gaya muku. Da nij ji ku biyu kun yaba, sai nic ce ƙila kaina na yat tsuhwa, yara sun hango abin da ban hango ba. Kuma ina son abin, shi as sa ban ja ba."

Ban taɓa jin nauyi irin na wannan safiyar ba. Ashe mu uku kowa ya faɗi abin da ke ransa ko ya ɓoye shi ta hanyar da aka tarbiyyantar da shi, kuma ba wanda ya ji ɗan'uwansa daidai. Shi ya faɗi gaskiya muka ce kunya ce, abokina ya faɗi gaskiya muka ce wasa ne, ni da na ɓoye shakkata aka ce lissafi na yi.

Yaya ya tashi ya shige gida. Muka dubi juna, na ce shi ke nan, mun ɓata. Jim kaɗan sai ga shi da ƙwaryar nono a hannu ɗaya, jakar kayan aikinsa a ɗaya hannun. Ya ce, "Ku sha mu tahi Jabo, rana na yi." Kafin ya hau babur ya koma wajen injin, ya ɗora hannu a kan doguwar sandar nan ya ɗan tsaya. Ya kira ƙanensa ya ce a samo tsohuwar tabarma a rufe ƙarafan kada raɓa ta ci su. Ni dai na kawar da kaina ina duba tayar babur.

A Jabo mahaifin abokina ya ga Yaya ya shigo maƙera sai ya tafa hannu. "Yau mi za mu gani? Bahillace ya zaka koyon sana'a!" Nan take ya zaunar da shi bakin zuga-zugi. Yaya ya naɗe hannun riga ya kama zuga, kafin la'asar ya yi baƙi ƙirin, an rasa wane ne ɗan gawayin. Sai dai tsakaninsa da abokina abin ya ƙi komawa yadda yake. Abokina ya kasa sakin jiki, komai sai ya ce, "Yaya, miƙo man guduma," "Yaya, sannu da aiki." Maƙerar ta yi min nauyi, na fara tunanin ko mun ceci furojet mun kashe wani abu da ya fi shi.

Haka muka yi kwanaki. Ranar da muke ɗaura wuƙa ta biyu abokina ya sake cewa Yaya kaza, sai Yaya ya ajiye sifana ya ce, "Kai ɗan gawayi, ka ishe ni da Yaya-Yaya awa mai neman auren ɗiyata. Ko shanu ɗari kak kawo ba ni ba maƙeri." Abokina ya ɗago ya ce, "Wa ka son ɗiyar da ta gaji dogon hanci?" Dariyar da muka yi ranar har mata suka aiko a tambaya ko lafiya.

Kada ku ɗauka Yaya zuga kawai ya yi. Shekarun da ya yi a bakin aiki sun nuna kansu. Shi ya ce lallai a yi wa wuƙaƙen murfi, a kuma tsawaita bakin da ake tura kara, a matse shi yadda hannu ba zai kai ga kaifi ba, domin a gida za a ajiye abin, cikin yara. Shi ya sa aka yi sirdin yadda za a iya ɗaga shi a sauke. Yawancin rubutun ma shi ya yi. Ranar da muka gwada, abokina ya hau ya taka, gargare ya ɗauki gudu, na tura kara, sai ji kake ƙwas-ƙwas-ƙwas, gutsattsari suna zuba a buhu. Injin ba kyau, fentin ma ragowar na ƙofar wani ne, amma yana yanka.

Ranar tsayawa gaban malamai Yaya ya ce shi zai taka. Ya tattare babbar riga ya ɗaure a ƙugu, ya hau, ya yi ta murzawa har gutsuren kara ya faɗa a kan teburin baƙon malamin da aka gayyato. Baƙon ya tambayi dalilin da ya sa muka zaɓi feda muka bar sauran dabarun. Ni da abokina muka fara kame-kame. Yaya ya sauko yana haki, ya ba da labarin bijimai tiryan-tiryan, bai rage komai ba, har jan injin da suka yi zuwa gona. Malamai suka yi dariya har da riƙe ciki, baƙon kuma ya ce a duk waɗanda ya saurara ranar, mu kaɗai ne muka gwada abin da muka yar kafin mu yar da shi. Ba mu gaya masa ba da gangan muka yi ba. Muka ci, mu uku, da sakamako mai kyau.

Yanzu ni ma na fara furfura, akwai matasa da ke aiki a ƙarƙashina. Idan na kawo shawara na ji ɗaki ya ɗauka da madalla, hankalina ba ya kwanciya. Na daina fara magana a zaman zaɓen dabara, sai ƙarami ya faɗi tasa, na sama da shi ya faɗa, ni ne na ƙarshe. Wanda kuma ya cika zolaya, idan ya maimaita abu sau biyu, nakan ja shi gefe in tambaye shi ko da gaske yake. Ban daina ganin kyan kunya da girmama babba ba, da su aka raine ni kuma da su nake rainon nawa. Na dai gane cewa kara ba ya yankuwa don an ji nauyin mai zanen.

In na tuna wannan shekarar daɗi nake ji, ba na jin ciwon komai. Abin da ya fi dawo min shi ne ranar walimar da Yaya ya yi a Fakku bayan ya karɓo takardarsa. An ci an sha, dattawa suna ta sa albarka, wani daga cikinsu ya nuna mu ya ce Yaya ya yi dace da yara masu ladabi. Yaya ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya, ya kama kunnen abokina da ɗayan, ya ce, "Ladabi kam akwai shi, Baffa. Saura kaɗan shi sa in dawo gida ba takarda. Allah dai Ya taimake ni, guda cikinsu ba shi da kunya."